Kiran Dodon Mayo

Kolere, Mubi
Maris 2015

Aminina Jatau,

Gaisuwa mai yawa. Ya zaman Yola, ya Safiyatu da yara? Da fatan ƙafarka ta warke. Mu alhamdu lillahi, mun dawo daga gudun hijira mun tarar da shagon ɗinkina a tsaye, ƙofa kawai aka ɓalle.

Mun farfaɗo da wasanmu a kan teburin yanka: ni ina ba da labari, kowa da jaruminsa, ƙwayar ludo tana yanke hukunci. Sai dai ka bar ni da jidali. Ka tuna katin kiran Dodon Mayo, wato dodon kogi, da ka rubuta, don son burgewa ba ka sa masa iyaka ba? Yana hannun Andrawus. Tun da maharan suka kore shanun gidansu a Muchalla bai ƙara magana ba. Da na ce ga 'yan fashi sun tare hanya, sai ya ɗora yatsa kan katin, dodo ya fito ya share kowa. Sali da Ya'akubu sun rantse in ban rage ƙarfin abin ba sun daina zuwa. In na soke shi kuma Andrawus zai tafi, alhali nan kaɗai yake fitowa. Kai ka ƙulla, sai ka zo da dabara.

Naka,
Hammanjoda

Afrilu 2015

Jatau,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar kowa. Shawararka ta a jira sai ƙwaya ta nuna shida ba ta yi ba, mutumin nan hannunsa da sa'a. Sai na kafa tawa dokar: dodo zai tsaya ne muddin mai kira yana siffanta shi da baki, da ya yi shiru sai dodo ya koma ruwa. A lissafina kalma biyu an gama.

Ran Asabar bayan la'asar ya taɓa katin, na gaya masa dokar. Har na tsorata zai tashi. Can sai ya buɗe baki.

Jatau, ba dodo ya fito daga mayo ba, shanu ne. Ya kira su ɗaya ɗaya da sunansu: ja mai karyayyen ƙaho da ba ta sha sai kowa ya gama, farin bijimin da ke raka mamarsa gona, maraƙin da aka haifa cikin ruwan sama. Hausa ta ƙare masa ya shiga yarensu, muka ci gaba da fahimta. Wallahi har ƙasa nake ji tana motsi. Ƙwaya ta maƙale a hannun Sali, Ya'akubu yana share ido da ƙyallena. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba.

Gyarana dai ya ci tura, kiran ya fi da ƙarfi, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Da aka kira magariba mun kasa tashi. Andrawus ne ya dube mu ya ce mu je mu yi salla, zai tsare shanun har mu dawo.

Ka gaida mutanen gida.

Amininka,
Hammanjoda