Tudun Da Ba Ya Cikin Taswira

Illela, 4 ga Satumba, 1988

Baban Hasana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya Sakkwato, ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai Hasana da ta fara haƙori ta hana kowa sakat.

Takardarka da taswirar sun iso, na karanta har sau uku. Wato kai ne kake faɗa wa kwamfutar ofishinku inda kowane ƙauye zai gudu idan madatsar ruwan Gidan Dabo ta ɓalle, ita kuma ta lissafa ko za su tsira? Ikon Allah. Ni dai tambayoyi sun cika mini ciki. Ta taɓa ganin ruwa kuwa? In ka ce mata mutum ya gudu, tana tambayar shekarunsa?

Ka rubuta cewa ruwa zai iso ƙauyenku cikin minti arba'in, ka kuma zaɓa musu makarantar firamare, tafiyar minti talatin. Talatin da ƙafar wa? Kai da kake tafiya kamar an biyo ka, ka manta da gwiwar Inna. Tun da rediyo ya ce wata madatsa ta fashe a Kano, hankalina bai kwanta da zaman mahaifiyarka a can ba. Ranar Asabar zan je da agogon da ka bari, mu gwada.

Taka,
Hindatu

Illela, 12 ga Satumba, 1988

Baban Hasana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, Inna tana gaishe ka, haƙorin Hasana kuma ya fito.

Mun gwada. Hanyar makaranta ta cikin fadama ta bi, abin da taswirarka ba ta nuna mini ba. Minti arba'in ya cika muna tsakiyar gonar shinkafar maƙwabcinku Lawwali, Inna zaune a kan kunyar gona tana murza gwiwa. Na dubi agogo, na dubi wajen madatsa. Wallahi na ji tsoro, alhali ko hadari babu.

Inna ta tambaye ni wai mi muke nema a fadama da rana tsaka. Da na yi mata bayani sai ta yi dariya, ta ce tun kakanninta ba a gudun ruwa ta kudu. Washegari ta ja ni arewa, ta bayan gari, har kan wani tudu. Minti ashirin da biyu, har da hutawa sau biyu. Ashe nan ne maƙabartarku, an zaɓe shi ne don ruwa bai taɓa hawansa ba. Mu mata ba mu shiga ba, muka tsaya gindin aduwa ta nuna mini wajen da mahaifinka yake.

Na shimfiɗa taswirarka ina neman tudun, babu shi. Yana cikin Nijar, takardar kuma a kan iyaka ta ƙare, sauran fari fat. Jandarman Nijar da ya wuce mu a kan babur ma gaishe da Inna ya yi kawai. Shin kwamfutar tana zaton duniya a nan ta tsaya ne? In haka ne, ka nemo wata takardar ka liƙa mata kafin Juma'a, don ranar ce mai gari zai karanta wa mutane jerin wuraren da za su gudu a masallaci.

Na ce wa Inna ta rabu da takarda, in ruwa ya zo ta hau tudu. Ta ƙi. Ta ce inda ɗanta ya rubuta nan za ta nufa, ba za ta kunyata ka a gaban gari ba. Amma ta ce in faɗa maka, tudun nan dai can za ta ƙare, sai ka zaɓa mata, da ƙafarta ko a makara.

Ni dai na fi son da ƙafarta. Allah ya ba ka sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Hindatu