Ƙarafan Tokare

Litinin, 3 ga Maris
Tun da wata gada da ake ginawa ta rufta da leburori, kowa ya zama masani. Yau kamfani ya turo mana jami'ar kiyaye haɗari, sa'ar 'yata. Hular kwanonta ko ƙwarzane babu. Ni da na yi furfura ina shugabantar leburori, wai ita za ta koya mini kankare. Yaran aikina sun sa mata suna Hajiya Dakata.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta hana a cire ƙarafan da ke tokare da sabuwar gadarmu, wai sai gwaji ya nuna kankaren ya yi ƙwari. Ni da guduma nake ƙwanƙwasawa in saurara, haka maigidana ya koya mana. Ta ce kunne ba ma'auni ba ne. Sannu, boko.

Asabar, 8 ga Maris
Manaja na son a buɗe wa motoci titin da ke ƙarƙashin gadar. A gaban Hajiya Dakata "ranki ya daɗe", tana juya baya sai tsaki. Matsoraci.

Lahadi, 9 ga Maris
Uwar yara ta matsa, na je asibiti duba Dogo, shugaban leburorin waccan gadar. Tare muka koyi aiki. Na daɗe ina cewa sakacinsa ne. Ƙafarsa ɗaya ta tafi. Na tambaye shi yadda aka yi ya cire ƙarafa kankare na ɗanye.

"Na ƙwanƙwasa, ɗan'uwa," in ji shi. "Ƙarar ta yi daidai."

Na tsorata. Ban ci abinci ba.

Laraba, 12 ga Maris
Hajiya Dakata ta tafi kai samfurin kankare gwaji. Manaja ya ce a cire ƙarafan kafin ta dawo, ko in nemi wani aikin. Na hau da guduma. Ƙarar ta yi daidai, tas. Na sauko na ce wa manaja kankaren bai yi ba, kuma babu yaron da zai taɓa ƙarfe ko ɗaya.

Juma'a, 14 ga Maris
An sallame ni. Uwar yara ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki, da ma a ce faɗa ta yi.

Ba don waccan yarinyar na yi ba, har yau ba ta iya riƙe shebur ba.

Da yamma na bi ta wajen gadar, hanya ce kawai ta biyo da ni. Ƙarafan na nan, titin a rufe, motoci sun yi cunkoso. Wani direba, motarsa maƙil da 'yan makaranta, ya leƙo yana tsine wa duk wanda ya jawo wannan. Na ce masa amin.