Wanda Ya Zauna Bayan Gado

Mansura, Doha
Laraba

Zuwa ga Ladi, uwar Maimunat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Maimunat da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ni da sauƙi, sai gajiya.

Ban aiko da saƙon murya ba, don mu shida ne a ɗaki. Na ɗauki biro da ɗan rubutun da kika koya mini da tsufana. Ki yi haƙuri da karkacewarsa.

Tun shekarar ƙwallon duniya, da mutane suka cika Doha har muka rasa wurin tsayawa a bakin teku, nake yi wa 'yan gida aski da ƙaho ranar Juma'a, in na tashi daga gadi. Daga ranar zuwa yau, duk wanda ya zauna a tabarmata ina riƙe da shi a kai, da wanda ya riga shi, da wanda ya biyo shi. Samarin nan sun sha kawo mini kwalin reza, wai Baba Wanzam ya shigo zamani. Na ce askar mahaifina ta aske garin Gumel kafin a haifi iyayensu, ba zan ajiye ta don ƙarfen da ake yarwa ba.

Kin san Gado direba, ɗan ƙanwar abokina Sunusi. Da ya dawo daga hutu ya ja ni gefe ya ce an gwada shi a gida, an sami cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ya zo da magani, ya kuma ƙare. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, na yi alkawari.

Juma'ar da ta wuce ya zauna cikin jama'a, bayansa na ciwo. Wanzami ba ya tashin wanda ya zauna. Na yi masa tsaga, na kafa ƙaho. Da na canja aska saboda shi kaɗai, da kowa ya tambayi dalili, sai na tsoma ta a ruwa na goge da tsumma. Can sai ga Uwais mai gadi a unguwar Bin Mahmud ya faɗo a guje, yana tsokanata wai yalla, in yi sauri, tsoho ya fi motar kamfaninsu nawa. Na tsaga shi da askar nan, Ladi. Ina sane.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Mu'azu Wanzam

Mansura, Doha
Asabar

Ladi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida duka. Da fatan takardar farko za ta iso hannunki ke kaɗai.

Jiya ban shimfiɗa tabarma ba, na ce hannuna ke ciwo. Na je wurin Sherifa, 'yar Zangon Kumasi da ke aikin jinya, na tambaye ta ban kama suna ba. Ta ce cutar ba ta bin kwano ko musabaha ko cizon sauro. Jini take bi, da kwanciyar aure, da nonon uwa. Ta ce ba lallai ne aska ta ɗauka ba, amma tana iyawa, ruwa da tsumma kuma ba wanki ba ne. Da an kawo mutumin cikin kwana uku, akwai maganin da ke tarewa. Ni kuwa kwana ukun nan na cinye su ina gardama da kaina.

Ta kuma ce doka ba ta kama mutum don yana da cuta, amma wanda ya sani ya kuma jefa wani a ciki, ana iya kai shi kotu. Baƙon da aka samu da ita kuwa, gida akan mayar da shi. Ta kalle ni ta ce in dai wanzamin ya sani, to ya fara neman lauya. 

Uwais zai tafi gida nan da kwana goma. Matarsa Haulat tana goyo. Yana ta nuna mana rigunan jariri. Sherifa ta ce gwaji ɗaya ba ya isa, sai an sake bayan makonni, kafin nan dole ya kiyaye iyalinsa. To yaya zai kiyaye abin da ba a gaya masa ba?

Na faɗa wa Gado abin da zan yi. Ya ce shi ma ya ga Uwais ya zauna, ya yi shiru. Na ce ya nemi hutu ya koma inda zai sami magani, sunansa kuma ba zai fita daga bakina ba.

Na gaji, Ladi. Ƙila aikin gadin ya tafi, ƙila abin ya wuce haka. Idan kin ji shiru, ki tambayi Sunusi.

Gobe da safe zan tari Uwais a ƙofar aikinsa in gaya masa, in raka shi asibiti da askar a aljihuna, in ce wa likita ni na yi. Za su tambaye ni wa ya zauna kafin shi. Mutum tara na yi wa aiki a ranar, ba mai riƙe jerinsu sai ni. Zan ce tsufa ya kama ni, na manta.

Ki gaishe da Maimunat.

Mijinki,
Mu'azu