Baba Ya Sha Garin Doyar Dajinka

Mu'awiyya,

Na buga ƙofarka ba ka motsa ba, mai mota kuma yana jira. Na tafi da Baba asibiti a Ikara.

Bayan sallar asuba ya ɗebi garin doyar dajin da ka daka jiya don sayarwa, ya dama a kununsa. Ya ji ka kana cewa yana maganin sanyin ƙashi, hawan jini da mantuwa, ya ce ba zai bari mutanen kasuwa su riga shi warkewa ba. Ko kofin bai ajiye ba harshensa ya fara ƙaiƙayi, sai jiri, sai amai.

Matarka Atika ta ce ba ka kai doyar rafi ta jiƙu ba, yadda Inna take yi har dafin ya fita. Wai ruwa yana wanke ɗacin, mai saye kuwa ba ya yarda da maganin da bai ɓata masa fuska ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai: wa ya fi laifi, mai sayar da dafi, ko mai cewa in babu dafi ba zai saya ba? Zan ƙarasa tunanin a layin ganin likita.

Kada ko guda cikin kwalaben garin nan ta je kasuwar Makarfi yau. Kulle su a ɗaki, inda yara da kaji ba za su kai ba.

Baba ya ce a gaya maka, tsakani da Allah, tun da cikin ya murɗa ya manta da ciwon gwiwar da ya sha maganin dominsa. Na roƙe ka, kada ka kafa shaida da shi.

Yayanka,
Safiyanu