Gwajin Kanwa a Gaban Bature

Potiskum, daren Laraba, sha biyu ga Rajab

Yau Baturen makaranta ya tarar da ni ina yi wa yara gwaji. Mun jefa dunƙulen kanwa a ruwan tsamiya, sai da muka ƙirga ɗari sannan kumfar ta kwanta. Dakakkiya kuwa, ashirin kacal. Ɗalibata Asabe ta yi wuf ta ce, "Malam, ashe ta fi sauri sau biyar!"

Bature ya murtuke, wai karatu da lissafi aka ɗauke ni koyarwa, in na sake a bakin aikina.

To, abin da yarinyar nan ta yi ba lissafi ba ne? Na haɗiye maganar, har yanzu tana ƙona ni. Gobe da ruwan zafi za mu gwada, kuma a buɗe zan bar ƙofar aji.