Koren da Hadiza ta bari

Cadakori, daren Laraba

Shugaban ƙungiyar manoman wake ya ce mani, "Malam Sani, a maida shafinmu na intanet shuɗi, mun gaji da kore." Na gyara CSS, wato fayil ɗin launuka, da hannu, na haɗa shafin, kore ya dawo. Har sau ukku. Na manta cewa 'yar manhajar Python da matata Hadiza ta rubuta kafin rasuwarta ce ke sake fitar da launuka duk lokacin haɗawa. Da na buɗe ta, sai ga rubutunta bisa layin launi: "Koren ganyen waken gonarmu. Maigida, kar ka taɓa."

Layi ɗaya ne fa, Hadiza. Na ce wa shugaba aikin sai ya ɗauki sati guda.