Kunun Kanwar Hajara

Daren Laraba, Jega Firchin

Barci ya ƙi. Yau a ɗakin bincike can Aliero, bayan na share kejin ɓeraye, Malamar da nake yi wa aiki ta ce in leƙa madubin likita. Ta ciro zuciyar farin ɓera, ta jiƙa ta cikin ruwan magani har ta rabu ƙwaya-ƙwaya. Na ga ƙwayoyin dogo-dogo kamar shinkafa, wasu na motsi, alhali ɓeran ya mutu tun hantsi. Sai ta zo ɗiga wani ruwan gishiri, hannunta ya zarce. Ina kallo sunka dunƙule, sunka yi shiru. Ta ce, "Ka gani? Zuciya ba ta son a labta mata kaya."

Da la'asar na tafi Gumbin Kure duba matata Hajara, tana wankan jego gidansu. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi sama-sama, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta. Innarta ta kawo kunun kanwa cike da ƙwarya, ta ce, "Shanye, ɗiyata, sanyi ne. Mu ma haka anka yi muna." Ni ko kaina na ƙasa, gaban suruka nake.

Ban sani ba ko kanwa da wancan gishirin danginsu ɗaya, ban yi karatun ba. Amma in na rufe ido, ƙwayoyin nan nake gani suna dunƙulewa.

Tun da na auri Hajara ban taɓa haɗa ido da innarta ba. Gobe da sassafe zan durƙusa gabanta in ce asibiti za mu. Allah ya sa Hajara ta kai goben.